Ja-mu-gani da Falankin Siminti

A layinsu babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka ba ta. Manya suna cewa Tela, yara suna cewa Mama Tela, amma da ta ba da baya kowa Ja-mu-gani yake cewa. Ita ma ta san da sunan, kuma bai taɓa ɓata mata rai ba, don da guminta ta same shi. In mace ta kawo mata yadi, kafin ta amsa gaisuwa ta riga ta kama gefensa da hannu biyu ta fizga. In ya yi ƙara, sai ta miƙa wa mai kaya kayanta ta ce, "Mayar musu, wannan ko labule ba zai yi ba." In ya jure, ta zaro zare ɗaya ta kai shi bakin ashana, ta sunsuna hayaƙin, sannan ta ɗago kai ta ce, "To, ina kwana?"

Halin ba da girma ta koye shi ba. Tana 'yar ƙarama mahaifinta ya kawo kofin roba gida, ya ce mai shago ya rantse ba ya fashewa. Ta faki ido ta hau katanga ta sako shi ƙasa, bai fashe ba. Sai ta sauko ta ɗauki kofin tangaran na mahaifiyarta, ta sake hawa ta sako shi, wai don ta ga bambancin. Ta sha duka ranar, amma ko tana kuka cewa take aƙalla yanzu ta sani.

Mijinta ma sai da ta ja shi ta gani. Direban babbar mota ne a lokacin, dogo, mai yawan labari, wanda ya riƙa kawo mata wanduna ɗinki. Da ta lura yagewar duk iri ɗaya ce, kuma da reza aka yi ta, sai ta gyara masa wando ɗaya tsaf, ta kuma ɗinke bakin aljihunsa duka biyu ba ta faɗa masa ba. Ya dawo yana dariya har da riƙe ciki, ya ce ya tsaya gaban mutane yana laluben cinyarsa kamar mai ƙaiƙayi. Bai yi fushi ba, bai kuma nemi ta farke ba. Da ta koma gida ta ce wa mahaifiyarta, "Wannan na wanke shi bai zuba ba." Haka aka yi aure.

Abu ɗaya ne tak a rayuwarta ta karɓa ba ta gwada ba, shi ne benen gidansu. Ƙasan gidan na bulo ne, ɗakuna biyu da falo. Da yara suka taso, ƙarar keken ɗinki ta hana su karatu, sai aka ce a ɗora mata ɗaki a sama. Magini ya duba tushen ginin ya ce ba zai ɗauki nauyin bulo ba. Nan ƙanenta ya shigo maganar. Kafinta ne, kuma shi ne autansu, har yau da furfura ta cika masa kai Auta take kiransa. Ya ce zai tayar da ɗakin da ginshiƙan katako, ya lulluɓe wajen da falankai, kowanne yana hawa leɓen na ƙasansa don ruwa ya riƙa zamewa. Ranar da aka sauke falankan hannunta ya yi ta ƙaiƙayi, amma mahaifiyarsu tana da rai lokacin, ta ja ta gefe ta ce, "Kada ki kunyata ɗan'uwanki a gaban mijinki." Tela ta haɗiye maganarta.

Ɗakin ya yi kyau, gaskiya ɗaya ce. Taga biyu, iska ta ko'ina, teburin yanka a tsakiya, keke a gefen tagar da ke kallon titi. A nan ta ɗinka kayan makarantar rabin yaran layin, a nan ta aurar da 'ya'yanta da allura da zare. Amma katako sai da hidima. Duk rani sai an kankare an yi fenti, duk damina sai wani falanki ya kumbura ya tura ƙusarsa waje. Daga baya ta fara tarar da wani gari-gari mai laushi a kan yaduka da safe. In ta kashe keke ta yi shiru, tana jin wani ɗan motsi a cikin bango, kamar ana tauna a hankali don kada a ji.

"Gara ce," ta ce wa Auta.

"Haba Yaya, wace irin gara? Katakon nan ni na zaɓe shi da hannuna." Sai ya je ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. "Kin ji? Ƙarfe!"

Ta lura kullum falanki ɗaya yake ƙwanƙwasawa, na kusa da ƙofa. Mijinta Direba kuwa, da ya ajiye tuƙi ya zauna gida, bayan Auta yake bi, don su biyun abokan hira ne, kuma duk mai son zaman lafiya ba ya shiga tsakanin ya da ƙane. "Ki bar shi, Tela, mai sana'a ya fi mu sani," haka yake cewa.

Wata rana da hantsi Direba ya hau sama da kofin shayinsa, ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki, ya tura ta baya ta tsaya a ƙafa biyu, ya jingina da bango. Yana ba ta labarin wata gada da ya taɓa hayewa cikin ambaliya, labarin da ta ji har ta haddace. Daidai inda ruwa ya kai murfin inji sai ta ji ɓurum. Ta ɗago kai, babu rabin mijinta. Ƙafafunsa suna cikin ɗaki suna harbin iska, kansa da kafaɗunsa suna waje, a saman titi. Ta yi tsalle ta cafke idon sawunsa biyu.

Daga ƙasa ta ji muryar mai askin da ke tsallaken titi: "Direba, lafiya?"

"Lafiya lau! Iska nake sha!"

Da ta tabbata ta riƙe shi gam kuma ginshiƙi ya tare masa ƙugu, sai tsoron ya sake ta, shaiɗancin ya zo.

"Maigida," ta ce, "ya ka ji bangon? Ƙarfe ne?"

"Tela, jawo ni tukuna!"

"Amsa min dai. Mai sana'a ya fi mu sani, amma kai yanzu kana ciki, ka fi kowa gani."

"Gara ce! Wallahi gara ce, ga su nan a wuyana!"

Sannan ta jawo shi. Ko kofin bai saki ba.

Aka toshe ramin da tsohuwar leda, aka zauna shawara a falo. Auta ya ce falanki ɗaya ne ya samu matsala, ko biyu, ko dai gefen nan gaba ɗaya, amma yanzu akwai katakon da ake jiƙawa da magani, gara ko kallonsa ba ta yi. Direba ya ce shi ya gama da katako duniya da lahira. A yawonsa ya ga gidaje da aka lulluɓe da falankan roba, sumul, babu fenti babu wahala. 'Yarsu, wadda take aikin nas a wani gari, ta bugo waya ta ce, "Umma, ku sa kwano mai launi kawai ku huta." Kowa ya faɗi tasa. Tela tana zaune tana farke wani ɗinki. Direba ya dubi Auta, Auta ya dubi Direba. Duk sun san shirunta ya fi faɗanta haɗari.

"Ku ba ni damina ɗaya," ta ce daga ƙarshe. "Leda ba ta kashe kowa."

Ta ɗauki babbar jakar da take zuwa sayen yadi da ita, ta shiga layin masu kayan gini. Yadda take karɓar ƙyalle a wurin masu yadi, haka ta bi shago shago tana karɓar guntaye. Mai katako ya ba ta guntun mai magani. Mai roba ya yanko mata har da ƙari. Mai kwano ya naɗe mata nasa a takarda don kada ya yanke ta. A shagon ƙarshe ne ta ga wasu dogayen falankai a jingine, launin toka, fuskarsu da zanen jijiyar itace kamar yanzu aka fere su. Ta ɗora hannu, ta ji sanyi. Ta ƙwanƙwasa, ta ji ba amon katako ba.

"Wannan fa, wane itace ne?"

Mai shagon, wani kakkauran mutum mai biro a bayan kunne, ya taso da fara'a. "Mama, ba itace ba ne. Falankin siminti ne. Siminti da yashi da zaren ɓawon itace ake kwaɓawa, a matse a inji, a buga masa wannan zanen. Gara ba ta ci, wuta ba ta kamawa, ruwa ba ya ruɓar da shi."

"Yanko min kaɗan in je in gani."

"Ai wannan ba a yankawa, Mama. Sai dai ki ɗauki guda."

Ta gyaɗa kai kamar ta haƙura. Ta ɗan zaga, ta dawo, ta sake shafa falankin, ta taɓe baki. "Siriri ne dai. Da gani ba shi da ƙwari. Ɗana, kada ka ji haushi, amma irin wannan ko kaza ta hau sai ya karye."

"Kaza? Mama, siminti ne fa!"

"To, ai baki ne. Mai katako da na ce masa haka, ɗora nasa ya yi a kan bulo biyu ya hau ya yi tsalle. Amma kai kada ka gwada, jikinka ba irin nasa ba ne."

Maƙwabtansa biyu sun riga sun leƙo suna murmushi. Mai shago ya cire biro daga kunne, ya jawo bulo biyu, ya shimfiɗa falankin a kai, ya ɗora ƙafa ɗaya, ya ɗora ta biyu. Falankin ya yi ɗan tunani, sannan ya ce ƙas. Mutumin ya tsinci kansa a tsaye a ƙasa tsakanin guntaye biyu, maƙwabta suna tafa hannu.

"Ba don hawa aka yi shi ba!" ya ce yana huci. "A bango ake kafa shi! Ko ɗauka ma a tsaye ake yi, ta gefe, mutum biyu!"

"Ka ga, da ba ka hau ba da ban sani ba," Tela ta ce da tausayi. "Sannu. To tunda ya riga ya karye, guntun nan ai ba shi da amfani a wurinka."

Ta fito da shi a kafaɗa, nauyinsa yana karya mata wuya, amma ranta fari tas.

A gida ta mayar da bayan ɗakin girki wurin gwaji. Ta fara da dutsen guga. Ta ɗora shi a kan roba, robar ta yamutse kamar fuskar mai shan magani, ta cika gidan da wari. Katako ya yi baƙi ya fara hayaƙi. Falankin siminti kuwa ta bar dutsen a kansa har ta gaji, da ta ɗaga sai ɗumi kawai. Ta ɓalli ƙanana daga kowanne ta binne a gindin katanga, inda ta san gara tana da gida. Sauran manyan ta yi musu fenti iri ɗaya da ragowar fentin Direba, ta kafa su a bayan akurkin kaji, can sama, a gefen da ruwa yake bugu in an yi iska, rana kuma take gasawa in ta fito. Direba ya tambaye ta me take yi, ta ce kaji ma suna son sutura.

Damina ta zo ta yi aikinta. Duk bayan ruwa sai Tela ta ɗaura zane ta je ta tsaya gaban akurki kamar mai duba marasa lafiya. Kwano bai ruɓe ba, amma tsatsa ta kama bakin yankan ta zubo ja a jikin fenti, in rana ta take kuma ba ya taɓuwa. Ta tuna a cikin ɗakin za ta wuni, ta cire shi daga ranta. Roba ta yi ciki a tsakiya, ta ja da baya daga ƙusoshinta. Katakon Auta mai magani ya yi ƙoƙari, ba ta hana shi haƙƙinsa ba, amma ya tsage a baki, fentinsa ya tashi. Falankin siminti yana nan yadda ta kafa shi. Sai dai wanda ta binne ya koya mata wani abu: gara ta zagaye shi ta wuce, amma bakin da ya karye, wanda babu fenti, ya sha danshi ya yi laushi har tana iya ɓantara da farce. Ta riƙe wannan a ranta. Kowane yadi da irin wankinsa.

Yanzu saura babban aikin. Ta san Auta. In ta ce masa siminti ya ka da katako, zai yi fushi ya ɗauke ƙafa, kuma babu wanda ya san ginshiƙan ɗakin nan kamarsa. Ta kuma san wani sirrinsa: idonsa ya yi rauni, likita ya ba shi tabarau, amma ba ya sawa a gaban mutane, wai yana tsufar da shi.

Ta gayyace shi cin abincin rana. Da suka ƙoshi shi da Direba, ta ce su zo su raba mata gardama. Ta tsayar da su a bakin ragar da ta kewaye kaji, ta tsaya ita a jikin ƙofar ragar don kada wani ya matsa.

"Auta, ni ido ya fara gajiya. A cikin waɗancan, wanne ne ya fi jure damina?"

Auta ya ƙanƙance ido. Ya wuce kwano, ya wuce roba, ya yi tsaki a kan wanda ya tsage. Sai fuskarsa ta washe. Ya nuna na ƙarshe, mai zanen jijiya.

"Yaya, ai ba sai an tambaya ba. Dubi wancan! Dubi jijiyarsa! Na gaya muku katako mai kyau ba ya tsoron ruwa. Direba, ga robarka can ta yi ciki kamar mai wata bakwai."

"To shi wancan da ya tsage fa?" Tela ta ce.

"Wannan tarkace ne, ban san inda kika samo shi ba."

"Kana nufin wancan na ƙarshen za mu sa?"

"Shi za mu sa. Ni zan kafa shi da hannuna, in ban yi ba kada ki ƙara kirana ƙanenki."

"Maigida, ka ji?"

"Na ji," Direba ya ce a sanyaye, yana jimamin robarsa.

Sai ta buɗe ƙofar ragar ta ce, "To shiga ka ƙwanƙwasa shi, yadda ka saba."

Auta ya shiga da taƙama, kaji suna watsewa. Ya miƙa hannu ya ƙwanƙwasa. Ya tsaya. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya sa a gaban kowa, ya kai fuska kusa. Ya daɗe a haka. Direba ya fara dariya ƙasa-ƙasa, dariyar ta fi ƙarfinsa har ya zauna a kan bokiti.

"Yaya," Auta ya ce ba tare da ya juyo ba, "wannan zalunci ne."

"Wanda ka kira tarkace kuma naka ne, mai magani."

"Tun muna yara haka kike."

"Kuma tun muna yara ba ka taɓa cin alkawari ba," ta ce. Wannan ta faɗe shi da gaske, shi ma ya ji.

Aikin bai zo da sauƙi ba, kuma Auta bai bar ta ta manta ba. Da aka ɓamɓare tsoffin falankai sai aka tarar gara ta shiga wasu ginshiƙan ma, dole aka sauya su. Ranar ba ta tsokane shi ba, shayi kawai ta aika masa. Ya kawo zartonsa da yake ji da shi, ya ɗora a kan falankin farko, kafin ya kai ƙarshe haƙoran zarton sun mutu. Ya hau sama ya ajiye mata shi a kan teburin yanka, ya ce, "Ga gawar, ki yi mata sutura." Sai da ya koma wurin mai shagon nan ya aro injin yanka, mutumin ya ja masa kunne cewa ƙurar ba ta shaƙuwa, a yanka a fili, a rufe hanci. Tela ta ɗinka musu takunkumi, Auta ya ce na ƙyalle ba ya tare irin wannan ƙurar, ya sayo na gaske, ya ji daɗin samun abin da ya fi ta sani.

Falankai biyu suka karye a hannun Direba don ya ɗauke su a kwance, ɗaya kuma ya tsage don an buga ƙusa dab da baki. Daga nan hannun Auta ya gane kayan. Ya riƙa barin 'yar tazara a mahaɗa, ya sa ƙyallen kwano a bayan kowace mahaɗa, ya ɗaga layin ƙasa daga kan rufin baranda don kada ya zauna cikin ruwa. Ita kuwa ta kafa kujera a tsakar gida da gwangwanin fenti, duk falankin da aka yanka sai ta shafe bakinsa kafin ya hau tsani. Auta yana kiran kayan "dutsen Yaya". Amma da bango ya fara tashi, layi a kan layi, miƙe kamar an ja da zare, sai ta jiyo shi daga taga yana ce wa mai aski, "Ai na daɗe ina ba su shawarar wannan. Ka san mata da son abin da suka saba." Ta ciji leɓe ta ci gaba da taka keke.

Saura fenti kenan sai waya ta zo cewa 'yarsu nas ta sauka. Tela ta haɗa kaya za ta je ta zauna da ita na ɗan lokaci. Kafin ta fita ta yanko wani ƙyalle ruwan toka mai haske, launi mai kamala, ta maƙala shi da fil a aljihun rigar Direba.

"Wannan launin nake so. Kada ya fi haka duhu, kada ya fi haka haske. Kuma ku sayi mai kyau, wanda ba ya koɗewa."

"An gama," Direba ya ce. Auta yana gefe yana goge tabarau, ya ce, "Ki je hankali kwance, Yaya." Ladabin nasu ya ɗan yi yawa, amma hankalinta yana kan jika, ba ta tsaya ta ja ta gani ba.

Ranar da ta dawo, tun daga bakin layi mai tasi ya rage gudu ya ce, "Kai, wane ne wannan ya yi wa gidansa haka?" Ta leƙa. Can tsakiyar gidaje masu launin ƙasa da fari, wani bene yana ci kamar wuta, ruwan ƙwai sak, irin wanda in ka kalla ka rufe ido sai ka ci gaba da ganinsa. Ta buɗe baki za ta taya shi dariya, sai ta gane tagoginta.

Su biyun suna zaune a benci a ƙofar gida, sun yi wanka sun sa kaya masu tsabta, kamar masu jiran baƙo.

"Sannu da hanya, Tela. Ya mai jego? Ya jaririn?"

"Mene ne wannan?"

"Fenti ne," Direba ya ce. "Mai kyau, kamar yadda kika ce. Mai shago ya rantse a kan wannan falankin zai yi shekara da shekaru bai koɗe ba."

"Ina ƙyallen da na ba ka?"

"Ai ni na riƙe shi, Yaya," Auta ya ce da fuskar marayu. "To kin san idona. Na manta tabarau a gida ranar. Ni wallahi toka-toka na gani."

Ta dube shi, ta dubi mijinta, wanda kafaɗunsa suke rawa. Ta ajiye jaka, ta hau matakalar waje, ta sa farce ta kankari fentin. Ko gezau. Ta jiƙa yatsa ta murza. Ta sauko ta shiga gida ta ɗauko soson ƙarfe ta koma ta goga. Fentin ya ƙara sheƙi. Mutanen layi sun fito ƙofofinsu suna kallo, mai aski ya bar kan mutum rabi ya tsaya da almakashi a hannu.

"Aiki ya yi kyau," ta ce da ta sauko, ta ɗauki jakarta ta shige. Dariyar mazan ta fara raguwa tun a nan.

Abin haushin, launin ya yi mata rana. Masu kawo ɗinki daga nesa da suke ɓata a layin suka daina ɓata. Masu tasi suka mayar da gidan alama, in an ce a sauke mutum a bene mai ruwan ƙwai babu mai tambaya. Damina ta sake zagayowa, ruwa ya yi ta dukan bangon, ciki ko danshi babu, yaduka suka daina kwana da gari a kansu. Ba ta taɓa cewa tana son launin ba, kuma duk wanda ya yaba sai ta ce aikin makafi ne.

Wata safiya ta shiga kasuwar yadi ta wuni. Shago shago ta bi da ɓallin busasshen fenti a tafin hannu, tana karawa da kowane bandir, har ta samu wanda ya yi daidai, ba duhu ba haske. Ta fizge shi, ta ƙona zarensa, ta wanke gefensa, ya ci jarrabawa. Ta ɗinka riga da wando na mutum biyu, ɗinki na ƙwarai, irin wanda ba ta yi wa kowa sai nata. Ta kira su ta miƙa wa kowa nasa a gaban matar Auta da maƙwabta.

"Tukwicin aikinku ne. Yadin ba ya koɗewa, ba ya yagewa. Ku sa in gani."

Kyautar yaya ba a mayarwa, ta mata kuma ba a ajiyewa a akwati. Auta yana sa nasa ne kawai in zai zo gidan, ya ɗora wata riga a sama har sai ya iso ƙofa. Direba kuwa ba shi da mafaka. Da yamma yakan hau barandar sama ya zauna a jikin bango cikin kayansa, ya ɓace ɗungum, sai fuska da tafin hannu. Masu kawo ɗinki sukan hawo su wuce shi su shiga, sai ya yi tari su zabura su ce, "Au, Baba, ashe kana nan!" Daga ciki Tela takan amsa, ƙafarta a kan keke: "Yana nan. Ku duba da kyau kada ku zauna a kansa."